Ramin da Na Haƙa wa Baba

Talata, 3 ga Satumba, bayan La'asar

'Yata Huda ta tafi. Na ɗora ta a amalanken yayata Jummai, tsakanin buhun wake da tukwane, za su Tasawa gidan kawunmu. Ba ta yi kuka ba sai da jakin ya ja, ni kuwa na riga ta. Ta manta kayenta na lakwal, littafin rubutunta na makaranta, a ƙarƙashin katifa, shi ne nake rubutu a bayansa, don in ban faɗa wa takarda ba ban ga wanda zan faɗa wa ba.

Tun abin da 'yan bindiga suka yi wa mutanen tsallaken fadama kowa ya ɗaure kayansa. Wasu sun yi Tasawa, wasu Mayahi, wasu ma ba su san inda suka nufa ba. Hatsi ya fi mutum tsawo, ya kusa isa girbi, aka tafi aka bar wa tsuntsaye.

Ni ba inda za ni. Baba, mahaifin maigidana, ya faɗo daga kan rumbu watan jiya, ƙugunsa ya karye. Maɗori ya ɗaure shi, ya ce kada a kuskura a ɗora shi a amalanke ko moto, wato babur, sai ƙashi ya kama, in ba haka ba a hanya za a sauke shi. Jummai ta ce in bar shi da Allah in biyo su. Na ce mata ai Allah ne ya bar mini shi.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Na hau tudun gawo, nan kaɗai rezon waya ke kamawa. Na tarar da saƙon murya daga maigidana Gazali (a nan dai zan rubuta sunansa, ba mai jina). Yana Libiya yana ba gonar wani Balarabe ruwa, ko yau ya taso kuwa sai ya share wata a hanya. Ya ce can ya ga masu ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, in abu ya tashi su shige su rufe. Wai in haƙa rami a bayan rumbu, in 'yan bindigar nan sun zo in sa Baba ciki in rufe, ni in faɗa cikin hatsi. Kuma kada in faɗa wa kowa, ko shi Baban, don ba zai yarda ba.

Daga Libiya abin da sauƙi. Namiji in yana nesa ba abin da bai iya ba. Na yi ta sababi a zuci tun daga tudu har gida, ina isa kuma na ɗauko dagi, don ni ma ba ni da dabarar da ta fi tasa.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan Azahar

Dagi, fartanya, da tsohuwar tasar wanki. Na yi shi zagaye kamar bakin rijiya. Ƙasar da na kwashe sai in kai ta garken awaki in baje, su tattake, kada tudu ya tona ni. Hannuna duk ya yi bororo.

A unguwarmu yanzu daga mu sai Baba Na Allah, abokin Baba tun suna yara, wanda ya ce shi ba ya gudu ya bar hatsinsa. Safe da yamma yake zuwa ya juya Baba, ya wanke shi, ya fitar da abin fitarwa. Ni ba dama in yi wannan. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da Baba ba. In zan ba shi abinci sai in durƙusa a bakin ƙofa, in tura kwanon, in ce ga shi, in juya. Ya ce Allah shi yi albarka. Iyakar hirarmu ke nan shekara da shekaru.

Ba su zo ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, da Magariba

Ramin ya kai mini ƙugu. Ba a yi Juma'a a garin nan ba yau, mutane ba su kai ba.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

An kwana ana ruwa. Ramin ya rufta gaba ɗaya, har tasar ta tafi ciki. Rairayin nan namu ba ya tsayuwa, ana taɓa shi yake zubowa kamar gari. Da Baba na ciki da ni na kashe shi da hannuna.

Na zauna a bakin wurin na yi kuka mai isata, sannan na tashi na dama fura.

Lahadi, 8 ga Satumba, da hantsi

Yau na sami Gazali baki da baki. Na faɗa masa ramin ya rufta. Ya ce ba haka ake yi ba. Kada in yi shi zagaye, in yi shi dogo, daidai kwanciyar mutum. In fara da mai faɗi har zuwa gwiwa, sannan a tsakiyarsa in sake haƙa wani matsattse, in bar kafaɗa hagu da dama. A kan kafaɗar nan zan jera itace a gicciye, in bi da ganye, in shafe da ƙasar suri da aka kwaɓa, in mayar da rairayi bisa. Matsattsen rami ba ya ruftawa, in ji shi. Wajen kai in bar baki, in sa guntun tiyo don iska.

Na tambaye shi ina ya koyi duk wannan, shi da ko ramin shuka sai an yi masa faɗa. Ya ce in dai yi abin da ya ce, kuma in auna tsawon Baba da kyau kada ya zo ya kasa miƙe ƙafar da ta karye.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan Azahar

Yaya mutum zai auna surukinsa? Ba zan iya tambayarsa ba, Baba Na Allah kuma an ce kada ya sani. Na jira sai da rana ta take, lokacin da Baba ke ɗan runtsawa. Na zaro karan hatsi mai tsawo daga danga, na cire takalmi, na shiga ɗakinsa da sanɗa. Ban taɓa wuce bakin ƙofar nan ba sai yau. Ɗakin na warin man zafi da tsohon bargo. Na shimfiɗa karan a gefensa daga kai zuwa diddige, na karya abin da ya yi saura, na fito kamar wadda ta yi sata.

Dogo ne ashe. Na fara haƙa a bin dangar gabas, ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro, inda saiwoyi suka ɗan riƙe ƙasa.

Talata, 10 ga Satumba, da La'asar

Baba bai taɓa furarsa ba. Tuwon dare ma yadda na kai haka na ɗauko.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan Azahar

Maganar Gazali gaskiya ce, matsattsen yana tsayuwa. Ina shiga ciki a durƙushe, in sara, in cika kwano, in miƙa waje, in fito in kwashe. In na ji wani ƙara sai in daskare, dagi a hannu, in saurara. Sau da yawa iska ce a cikin hatsi. Ɗazu kurciya ce ta tashi na saki dagin.

Baba ruwa kawai ya kurɓa. Na yi masa kunun tsamiya, na yi masa ɗanwake da man gyaɗa wanda yake so, ko kallo bai yi ba. Baba Na Allah ya ce ba zazzaɓi, ciwon ma bai ƙaru ba, ya tambaye shi ya ce ya ƙoshi. Ya ƙoshi da me? Allah na gani ban canza hannu a girki ba.

Ba su zo ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, da Magariba

Dagi ya sami saiwa ya goce, ya sauka a bayan ƙafata ta dama. Jini kamar an yanka kaza. Ɗakin likita a rufe yake, majo, mai duba marasa lafiya, ya tafi da makulli tun makon jiya. Na wanke da ruwan zafi da gishiri, na barbaɗa garin bagaruwa, na ɗaure da tsumma, na koma ciki. Ba ni da lokacin ciwo.

Juma'a, 13 ga Satumba, da hantsi

Hayaƙi ta yamma, wajen hanyar Caake. Ba na ƙona gona ba ne, ba lokacinsa ba ne.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Na sare rassan bedi na yayyanka su tsawo ɗaya. Ƙafar ta kumbura, takalmi ya daina shiga. Suri yana can bakin gonar maƙwabcinmu Bello, sai in je in saro in ɗauko a ka ina ɗingishi, kowane zuwa ina cewa na ƙarshe ke nan.

Baba bai ci ba. Yau da na tura kwanon sai ya ce, a hankali, in daina wahalar da kaina. Na fita bayan ɗaki na cusa zane a baki don kada ya ji ni. Ina haƙa ramin da zan ɓoye mutum, mutumin yana narkewa a kan gado. Wallahi na gaji. Na gaji, na gaji.

Lahadi, 15 ga Satumba, da Azahar

Asirina ya tonu. Baba Na Allah ya gan ni da damin itace ina jan ƙafa, ya biyo ni bayan rumbu, ya ɗaga zanar da nake rufe wurin da ita. Sai na ga ya cire hularsa.

"Inna lillahi. Zara'u, wa ya rasu?"

Na ce ba kowa, wurin ɓoye Baba ne nake yi. Ya dube ni, ya dubi ramin, ya sake dubana.

"Ɗiyata, wagga ai kushewa ce. Ga uwa, ga ɗiya a tsakiya, ga kahwaɗar da ake jera itace. Har tsawonta kudu da arewa. Ko mu da muka tsuhwa muna gina ta, iyakar abin da za mu yi ke nan."

Ni ina zan sani? Mu mata iyakarmu ƙofar gida. A fita da makara, mu koma ciki mu yi kukanmu. Uwata da ubana duk an kai su, ban taɓa ganin cikin kabari da idona ba. Ya tambaye ni da me na auna tsawon, na ce da kara. Sai tsohon nan ya zauna a ƙasa daɓas. Wannan kam na sani, kowa ya sani, in mutum ya cika da kara ake auna shi a kai wa masu haƙa. Amma na rantse da Allah ranar nan bai zo mini a rai ba ko kaɗan, ni tsawo kawai nake nema. Ya ce yaushe ne na yi awon. Na ce Litinin. Ya ce to daga yaushe abokinsa ya bar cin abinci?

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga ta kuwa a tsage a gabana. Karan na jingine da rumbu, na kakkarya shi na sa a murhu.

Lahadi, da La'asar

Da rarrafe na ƙarasa tudun gawo. Ban ko gaishe da Gazali ba, na ce kushewa ka sa ni na gina wa ubanka? Ya ce ita kaɗai ya taɓa ginawa a rairayi ba ta rufta ba, kuma ya san in ya faɗa mini ba zan yi ba. Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya masa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce to ramin dai ya yi? Na kashe wayar.

Litinin, 16 ga Satumba, da safe

'Ya'yan Baba Na Allah sun zo daga Mayahi a kan moto, sun ce ko da ɗauri sai sun tafi da shi. Ya shiga wajen Baba ya daɗe. Da ya fito ya ce ya yi masa bayani, amma Baba ya juya fuska bango ya ƙi tankawa, sai dai in gwada da bakina. Na ce ni? Ya ce to wa ya rage? Ya nuna mini yadda ake juya shi da zane ba tare da an taɓa ƙugun ba, ya ce zai dawo da zarar ya samu ya zille musu. Ya hau moton yana share ido da hannun riga.

Yanzu duk unguwar nan ni ce da Baba da awaki.

Litinin, bayan Azahar

Na ɗauki ƙwaryar fura na shiga ɗakin, ba sanɗa wannan karon. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Shi ya fara magana.

"Na ga karan. Idona biyu."

Na ce ya gafarce ni.

"Ba ki yi laihi ba. Cewa na yi ɗiyar ga ta yi hankali. Maza sun watse, in na cika wa za shi gina mini? Kuma na san ba ki tahiya sai na kau. Jikata na can Tasawa tana jiran uwarta. To mi nike jira?"

Ashe ba fushi yake ba. Duk kwanakin nan da nake kuka a bayan ɗaki ina cewa ya tsani girkina, shi sauri yake yi ya mutu don in samu in tafi. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido ba. Ya rame, kumatunsa sun zurma, gemun duk ya hargitse.

Na ce, "Baba, don ka rayu na gina shi. Hannuna duk ya hwashe, ƙahwata ta kumbura, ba don in binne ka ba ne. In ba ka sha hurar ga ba, ni ma na bar ci daga yau, mu ga wanda za shi riga wani. Kuma ka sani babu mai gina ma kowa."

Can sai na ji yana wani tari, ashe dariya ce. Ya ce shekara nawa yana zaune da zakanya a gida bai sani ba, dama ya sha mamakin abin da ya kori ɗansa har Libiya. Na tallafo kansa, ya sha. Bai sha da yawa ba, amma ya sha.

Talata, 17 ga Satumba, da Magariba

Ya sha kunu, ya ci ɗanwake kaɗan. Na juya shi, na yi masa abin da Baba Na Allah ke yi masa. Shi ya rufe ido, ni na kau da kai, aka gama. Kunya ba ta kashe kowa cikinmu ba.

Ba su zo ba.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan La'asar

Na jera itacen, na bi da ganyen kalgo, na shafe da ƙasar suri, na mayar da rairayi har ya yi daidai da tsakar gida. Saura baki kawai wajen kai, iyakar shigar mutum, na ɗora masa tsohon ƙyauren ɗakin girki. Tiyon na fito da shi ta cikin danga inda ciyawa ta rufe. A ciki na ajiye bidon, jarkar ruwa, ƙuli-ƙuli, da 'yar cocila. Kayen nan ma can zan riƙa ajiye shi.

Baba ya ce shi fa sai ya gani. Na mirgina shi a kan ƙirgi na jawo shi a hankali, ina ja ina hutawa, yana cije leɓe. Ya leƙa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce bangon ya miƙe, ba za a ce mace ta yi ba. Na ce ai shi ya sa ya miƙe. Ya ce ƙyauren ne matsala, makaho ma zai gan shi, sai an shimfiɗa tabarma bisa. Sai ya ce in shiga in kwanta ya ga ko ana jin motsi daga waje. Na shiga. Sanyi, duhu, ƙamshin ƙasa, itace kusa da hancina. Ban daɗe ba na fito.

Alhamis, 19 ga Satumba, da hantsi

Ƙafar ta yi ruwa, zafin yana hawa har cinya. Daga murhu zuwa rijiya sai na zauna a hanya. Na gwada gudu daga rumbu zuwa danga don in ga ko zan iya kai hatsi, na faɗi tun ban yi nisa ba. Na waiga ko Baba ya gani. Idonsa a rufe, amma yanzu na san rufe idonsa.

Juma'a, 20 ga Satumba, da Azahar

Kullum da safe yanzu sai ya ce in kai shi inuwar bedi, ɗaki ya ishe shi. Ina shimfiɗa masa tabarma a gefen ƙyauren. Na ji daɗi, don in abu ya taso ba ja mai nisa, zura shi kawai zan yi in rufe. Yana ba ni labarin yunwar da aka yi yana saurayi, da yadda Gazali ya taɓa gudu daga kaciya aka kamo shi a kan gawo. Ya tambaye ni abin da Huda ke so ta zama. Na ce majo. Ya ce to ta riƙa barin makulli in za ta gudu.

Abin da zan yi da kaina bayan na rufe shi, ban sani ba. Ba na son tunaninsa.

Asabar, 21 ga Satumba, da La'asar

Wata mata ta wuce ta bayan danga da goyo, ba ɗankwali, ba takalmi. Na kira ta in ba ta ruwa, ko waiwaye ba ta yi ba.

Lahadi, cikin ramin, ban san lokaci ba

Ni ce a ciki. Shi yana bisa.

Ya Allah. Ya Allah.

Ya ce da saura, in yi shiru.

Na kira shi bai amsa ba. Wataƙila barci yake.

Litinin, 23 ga Satumba, da hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Jiya da hantsi na kai masa fura ƙarƙashin bedi, ya shanye, sai muka ji ƙarar moto ta yamma, ba ɗaya ba ba biyu ba. Na ɗaga ƙyauren na kama ƙirgin zan ja. Ya riƙe mini hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba.

"In kika zura ni ciki da ƙugun ga sai na yi ƙara, su ji. Ke kuma ba ki kai hatsi da ƙahwar ga, na gani. Shiga."

Na ce ba zan shiga ba, shi na haƙa wa. Ya ce tsoho kwance bisa tabarma ba abin da za su ɗauka a jikinsa, ni kuwa na san abin da aka yi wa matan tsallaken fadama. Na ce amana aka ba ni. Ya ce shi ma amana aka bar masa, tun ranar da aka kawo ni gidansa. Ƙarar tana matsowa, har awaki sun fara kuka.

"Zara'u, ban taɓa sa ki abu ba. Yau na sa ki."

Bai taɓa kiran sunana ba. Na shiga. Na jawo ƙyauren daga ciki. Na ji yana jan tabarmar, sannan na ji yana jan jikinsa da gwiwar hannu, kaɗan kaɗan, har nauyinsa ya hau kan ƙyauren. Ƙashin na ji shi da kunnena. Shi bai yi ƙara ba.

Sun shigo. Na ji takalma, na ji ana fasa rumbu, ana kora awaki. Wani ya zo ya tsaya daidai kaina har ƙasa na zubo mini a fuska. Baba ya yi masa sallama kamar baƙon da ya zo gaisuwa. Aka tambaye shi ina mutanen gidan, ya ce duk sun yi Tasawa, shi kaɗai aka bari yana jiran kwanansa. Aka ce wa ya dama masa fura? Ya ce da ya sani da ya roƙi ƙari. Wani ya yi dariya. Wanda ke tambayar bai yi ba.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba.

Bayan masu moton sun tafi na ce Baba. Ya amsa ta wajen tsagar ƙyauren, muryar can ƙasa, ya ce da saura, in yi shiru. Na yi shiru. Na ji yana salati, yana yi yana hutawa. Daga baya na daina ji. Na kira, na kira. Na ce barci ne, kada in tashe shi. Na zauna a ciki har hasken tiyon ya ɗauke ya sake dawowa, don na san in na ɗaga ƙyauren shi ke nan.

Da safe na sa bayana na tura. Ban sha wuya ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Talata, 24 ga Satumba, bayan La'asar

Baba Na Allah ya dawo da 'ya'yansa biyu, labari ya kai musu Mayahi. Su suka yi masa wanka. Babban ɗan ya ce ba lokaci, mutanen nan na iya komowa, ga wuri a shirye, a ɗebe itacen a sa shi a mayar. Baba Na Allah ya ce gaskiya ne, ko sunna ba ta hana ba, kuma ba za su yi wanda ya fi shi kyau ba.

Na ja ƙafata na je na zauna a kan ƙyauren. Na ce ba a nan ba. Baba ya riga ya taɓa zaton don wannan na haƙa, na rantse masa ba haka ba ne, ba za a mayar da ni maƙaryaciya yana kwance ba. Suka yi ta ba ni baki. Na ce ga dagi can, ga fartanya, ni kaɗai da ƙafa ɗaya na yi wannan, su maza uku ne. Baba Na Allah ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce wa yaran su ɗauki kayan. Suka fita da shi. Na raka su iyakar ƙofar gida.

Gobe za su kai ni Tasawa, a duba ƙafar, in ga Huda. Ƙaramin ya kawo ni tudun gawo a moto, yana can gindin tudu yana jirana.

Gazali ya ɗauki wayar tun kafin ta gama ruri. Ya ji labari a wajen 'yan garinmu da ke can, kwana biyu bai runtsa ba. Ya ce kina lahiya? Na ce lafiya. Ya ce sun shigo gidan? Na ce sun shigo. Ya ce ramin ya yi? Na ce ya yi. Sai ya fashe da kuka yana alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, ya ce in na sauka in kai wa Baba wayar ko saƙon murya ne ya yi masa, yana son jin muryarsa.

Na kashe. Ya sake kira. Tana nan a cinyata tana ruri, ni kuma ina ta rubutu don kada hannuna ya zauna banza ya ɗauka.